Me karatun ƙwadago zai tsinana wa Kebbi da Zamfara? Amsa ga wani hedimasta

Wani hedimastan firamare daga ƙasar Jega ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. Ɗansa na fari ya kafe sai ya karanta fannin ƙwadago da hulɗar ma'aikata a jami'a, shi kuwa uban gani yake kwas ne na koyon yajin aiki. Ya ce a jihohi irin Kebbi da Zamfara, inda masana'antu ba su taka kara sun karya ba, asibitoci kuma na kukan rashin likita, don me jami'ar gwamnati za ta zuba kuɗin talakawa a wannan karatu? In kuma yaron ya gama, wa zai ɗauke shi aiki?

Malam, ina gaisuwa, Allah ya raya mana yaron. Na shafe shekaru ina aikin sasanta ma'aikata da iyayen gidansu, daga baya na riƙa koyar da dokar ƙwadago, saboda haka ka san tun farko da ɗan son kai a bakina. Amma zan faɗa maka har da inda karatun yake da rauni.

Mu fara da kalmar kanta. A bakin mutumin Bunza ko Suru, ɗan ƙwadago shi ne wanda ya saɓa hauya da asuba ya nufi gonar wani, a sallame shi da azahar ko la'asar. A bakin rediyo kuwa, 'yan ƙwadago su ne shugabannin NLC da TUC, masu ba gwamnati wa'adin mako biyu, in ya cika su garƙame ƙofar sakatariya. Da ɗanka ya ce ƙwadago, na rediyon ne ya faɗo maka a rai. Ni kuwa na gonar nake so ka riƙe, domin a kansa amsata ta rataya.

Karatun nan nazari ne na abin da ke gudana tsakanin mai sayar da ƙarfinsa ko basirarsa da mai saye. Yaya ake yanke lada, wa ke da ikon sallamar wa, wa zai ɗauki asara in an ji rauni, me mutum zai ci ranar da ƙarfi ya ƙare. Don haka ɗalibi yakan taɓa doka, ya taɓa tattalin arziki da ƙididdiga da tarihi, ya koyi yadda ake ciniki a zaman sasanci, da kiyaye lafiya a wurin aiki, da lissafin fansho. Yajin aiki babi ɗaya ne a ciki.

Bari in gwada ka da abin da ke kusa da kai. Ɗauki maigadin wata makarantar kuɗi a garinku, ko yaron da ke zuba fetur a gidan mai. Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda har yau da ita ake aiki, ta ce kafin ya wuce wata uku da kama aiki dole a ba shi takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinsa. In ya cika wata 12 yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi, yana kuma da har kwana 12 na jinya a shekara in likita ya tabbatar. In za a sallame shi, wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba sanarwar mako guda ake ba shi, mai shekara biyu bai kai biyar ba mako biyu, mai shekara biyar zuwa sama wata guda. Mace mai juna biyu tana da mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida a wurin. Yanzu ka zagaya Jega ka ƙirga masu gadi nawa ne suka taɓa riƙe irin wannan takarda a hannu. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami. Kuma yawancin masu ɗaukar aikin ba mugunta suke yi ba, su ma ba su taɓa ji ba. Ga wani abu da sai wanda ya zauna ya karanta yake lura da shi: dokar nan ta taƙaita ma'anar ma'aikaci ga mai aikin ƙarfi da mai aikin akawu, ta fitar da masu gudanarwa da ƙwararru. Wato kai hedimasta ba ita ce garkuwarka ba, taka tana cikin ƙa'idojin aikin gwamnati da takardar da aka ɗauke ka da ita. Na sha ganin shugaban ƙungiya ya miƙe a taro yana kafa hujja da sashen dokar da bai shafi mutanensa ba, lauyan hukuma na gefe yana murmushi.

Wannan murmushin ne ya sa na fara ɗaukar karatun da gaske. Na taɓa zama a wani sasanci kan ƙarin albashi, ba sai na faɗi wurin ba. Ɓangaren hukuma suka shigo da akanta da kwamfutarsa, ya haska jadawali a bango, ya ce in aka yi ƙarin da ake nema albashi zai lashe kason wata gaba ɗaya, ko alli ba za a iya saya wa makarantu ba. Wakilan ma'aikata dattawa ne masu gaskiya, sun iya magana, amma lamba ɗaya tak suka zo da ita, wadda aka aiko musu daga Abuja. Aka yi ta bugun tebur har la'asar ta kawo jiki. Sai wata matashiya da suka taho da ita don ta rubuta musu bayanin taro, wadda ashe ta yi digiri na biyu a fannin nan, ta yagi 'yar takarda ta yi rubutu ta miƙa wa shugabansu. Ya karanta, ya gyara hula, ya ce: "Ranka ya daɗe, muna roƙon a ba mu jerin sunayen ma'aikata mataki-mataki, da adadin waɗanda suka yi ritaya ko suka rasu cikin shekara uku da suka wuce." Ɗakin ya yi tsit, aka ɗage zama. Da jerin ya iso bayan mako biyu, sai ga shi akantan ya lissafa ƙarin da kaso ɗaya a kan kowa, daga masinja har darakta, ya kuma bar sunayen mutanen da suka bar aiki tuntuni. Da aka gyara, hukuma ta ga abin bai kai yadda ta firgita ba, ma'aikata su ma suka ga lambarsu ta Abuja ba za ta zauna daidai a nan ba. Kowa ya ɗan sauko. Ba a tafi yajin aikin ba, yara ba su rasa ko kwana guda na makaranta ba.

Kada ka ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Ranar da shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi, ranar ce rigimar take farawa. Buhari ya sa hannu a naira 30,000 a Afrilun 2019, amma sai a Oktoba aka daidaita yadda ƙarin zai hau sauran matakai a tarayya: kashi 23.2 ga mataki na 7, yana sauka har kashi 14 ga mataki na 15 zuwa 17. Sannan kowace jiha ta koma ta yi nata cinikin. A Zamfara batun dubu talatin ɗin nan ya yi ta jan ƙafa har 2024, shekarar da Tinubu ya sa hannu a 70,000, Kebbi kuma ta sanar da 75,000. In aka ɗaga na ƙasa aka bar na tsakiya, sai ka ga malamin da ya yi shekara goma sha biyar yana karɓar kusan abin da sabon ɗauka ke karɓa, ya daina ganin amfanin ƙarin girma. Duk wannan a cikin jadawali yake ɓoye, wanda bai iya karanta shi ba sai ya fito yana murna da abin da zai ciji mutanensa.

Haka nan darajar kuɗin. Naira 125 da ƙungiyar ƙwadago ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta samo a 1981, zamanin Shagari, ta kai kimanin dala 200 a lokacin. Dubu talatin ta 2019 ba ta kai dala 100 ba. Dubu saba'in ta 2024 ba ta kai dala 50 ba ranar da aka sa hannu. Lamba na hawa, abin da ke shiga tukunya na sauka. Ba yau aka fara ba. Babban yajin aikin 1945, wanda Michael Imoudu da ma'aikatan reluwe suka ja gaba, wannan reluwen da ya zo ya tuƙe a Ƙaurar Namoda, a kan alawus na tsadar rayuwa aka yi shi, aka haura kwana arba'in. Ko ka tuna lokacin da aka wayi gari aka ce rashin aikin yi a Nijeriya ya faɗo daga kashi 33 zuwa kashi 4 da ɗan ɗoriya a 2023? Mutane suka yi ta zagin hukumar ƙididdiga. Ba aiki ne ya samu ba, ma'auni aka sauya: duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na sa'a ɗaya a mako an lissafa shi mai aiki. Ana buƙatar mutanen da za su iya fayyace wa jama'a irin wannan da Hausa, ba tare da ashar ba kuma ba tare da fadanci ba.

Na san abin da ke cin ranka game da yajin aiki, domin yaranmu na jami'a sun zauna a gida saboda yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, wata tara a 2020, suka ƙara wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Amma dokar sasanta rikicin ma'aikata ta 1976 ta shimfiɗa matakai: a fara da mai shiga tsakani, in ya gagara a kai wa ministan ƙwadago ya naɗa mai sulhu, daga nan kwamitin yanke hukunci, daga nan Kotun Ma'aikata. Gyaran dokar ƙungiyoyi na 2005 ya ƙara da cewa sai mambobi sun kaɗa ƙuri'a kafin a ajiye aiki. Wanda ya karanta fannin ya san wannan tsani hawa-hawa. A ganina, mafi yawan dogayen yajin aikinmu daga wuri ɗaya suke tsirowa: yarjejeniyar da aka sa wa hannu da daddare don a samu a buɗe ofis da safe, ba wanda ya lissafa kuɗinta, ba ranar biya, ba abin da zai faru in an saɓa. Yarjejeniyar gwamnati da ASUU ta 2009 ta isa misali, an fi shekara goma ana komawa kanta. Laifin na ɓangare biyu ne, kuma na rashin ƙwarewa ne kafin ya zama na rashin gaskiya.

To, batun cewa ba mu da masana'antu. Gaskiya ne masaƙar Gusau ta daɗe da yin shiru, kamar 'yan'uwanta na Kaduna da Kano. Amma rashin masana'anta bai hana mutane aiki ba, ɓoye aikin ya yi daga idon doka. Ka tuna 2010. A ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya Bagega, ƙananan yara suka riƙa suma da jijjiga suna mutuwa, har likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka shigo aka gano gubar dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu. Duniya ta ɗauke shi labarin asibiti, ni kuwa har gobe labarin ƙwadago nake ganinsa. Zinari ya yi tsada, maza suka faɗa rami, suka riƙa kwaso dutse a buhu zuwa cikin gida. A farfasa da guduma, a niƙa shi busasshe a inji irin na niƙan hatsi, ƙura ta tashi ta sauka a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Me ya sa aka kawo dutsen gida? A gida ba mai sace maka shi, kuma matan gida za su taya daka ba tare da an biya kowa ba. Ka ga tambayar ta koma yadda aka tsara aikin, da yadda ake raba riba tsakanin mai rami da mai ɗaukar nauyi da lebura da dillali. Maganin da aka koma wa shi ma na tsarin aiki ne: a fitar da niƙa daga cikin gari, a jiƙa dutse kada ƙura ta tashi, a yi wanka a sauya tufa kafin a shiga wurin iyali. Likita zai ba yaro maganin da ke janye dalma daga jini, amma in ya koma tsakar gidan nan, aikin baban giwa aka yi.

Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda 'yan bindiga, ta ɗage haramcin a Disamban 2024. Samari ba za su daina shiga rami ba. Wa zai zauna da su ya rubuta yadda ake biyansu, shekarun yaran da ke wankin ƙasa, wa ke ɗaukar nauyin iyali in rami ya rufta? Nijeriya ta amince tun 2002 da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 182, wadda ta hana sa yara aiki mai haɗari, amma yarjejeniya ba ta da ƙafar da za ta taka zuwa Bagega.

A nan Kebbi kuma ga shinkafa. Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, kowa tan yake ƙirgawa da buhu. Manyan kamfanonin casa sun tashi a Argungu da Birnin Kebbi, ƙananan injuna kuwa ba sa lissafuwa. Amma tsakanin iri da buhu akwai hannaye. Akwai masu dashe da ke yini a sunkuye cikin ruwa, da masu feshi da ke goya tanki ba takunkumi ba safar hannu, da masu yanka da bugu, da mata masu sheƙa da turarawa, da 'yan dakon da ke loda tirela. Wasu 'yan ci-rani ne, wasu kuma manoma ne da rashin tsaro ya raba da gonakinsu, bara su ke ɗaukar 'yan ƙwadago, bana su ake ɗauka. Na taɓa zuwa duba wani saurayi da bel ɗin injin casa ya cinye wa yatsu uku. Mai injin mutumin kirki ne, shi ya kai shi asibiti a motarsa, ya biya magani, ya aika wa uwar yaron buhun shinkafa da 'yan kuɗi. Kowa ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Na yarda ƙaddara ce. Sai dai bel ɗin ba shi da murfi, abin da mai walda zai haɗa a yini guda. Akwai kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, in tsautsayi ya faɗa asusun ya ɗauki jinya da diyya. Mai injin bai taɓa jin sunan asusun ba. Sunan yaron kuma ba ya cikin kowane littafi, kullum da yamma ake damƙa masa kuɗinsa a hannu. Bayan wata biyu na gan shi a bakin tasha yana sayar da rake, wani yaro ne ke fere masa.

Ka ce likitoci muke buƙata. Haka ne, kuma ba zan ce a rage wa sashen likitanci ko kwabo ba. Amma ina likitocin da jihohin nan suka ɗauki nauyin karatunsu? Wasu suna Saudiyya, wasu Ingila, wasu sun koma asibitocin tarayya. Me zai zaunar da ma'aikaciyar jinya a asibitin ƙauye, albashi ne, ko gida, ko tsaro, ko alkawarin cewa bayan shekara biyu za a dawo da ita gari? Malamin da aka tura makarantar bakin daji ya ƙi zuwa, horo ya cancanta ko alawus na haɗari? Kai ka fi ni sanin wannan. Jami'a tana iya yaye likita ɗari, in ba wanda ya iya tsara sharuɗɗan da za su riƙe su, don wasu muke reno.

Saura mafi nauyin tambayarka, don me sai jami'ar gwamnati. Saboda wanda ya fi buƙatar ilimin nan ba shi da kuɗin sayensa. Jami'a mai zaman kanta kasuwa take bi, kuma ba laifinta ba ne. Za ta koyar da kula da ma'aikatan banki da na kamfanin waya, domin can albashi yake. Ba za ta saki malami ya yi rani biyu yana bin masu dashe a fadamar Argungu ba. Ƙungiyoyi suna horar da mutanensu, akwai kuma cibiyar nazarin ƙwadago ta ƙasa a Ilori mai ɗauke da sunan Imoudu. Sai dai lissafin da ƙungiya ta kawo, gwamnati za ta ce na masu nema ne, wanda gwamnati ta kawo kuma ƙungiya ta ce na masu hanawa ne. Ana buƙatar ɗan ba-ruwana da zai ce ga abin da magidanci mai mutum shida ke kashewa a wata a Gusau, ga kuma iya abin da baitulmalin jiha zai ɗauka, kowa ya ji haushi amma ya kasa ƙaryatawa.

An gwada a wani wuri. A Amurka akwai jihar Wiskonsin, wadda aka fi sani da shanun madara. Wani malamin tattalin arziki a jami'ar jihar, John Commons, shi da ɗalibansa suka taimaka aka rubuta dokar diyyar raunin aiki ta jihar a 1911, da dokar tallafa wa wanda ya rasa aiki a 1932, irinta ta farko a ƙasar. Ɗaya daga cikin ɗaliban, Edwin Witte, shi ne daraktan kwamitin da ya tsara dokar 1935 da ta kafa fanshon tsofaffi a Amurka baki ɗaya. Irin waɗannan sassa ba sa rasa maƙiya, ko a can. Arnold Schwarzenegger, lokacin yana gwamnan Kalifoniya, ya taɓa soke kason cibiyoyin nazarin ƙwadago na jami'ar jihar daga kasafi. A nan ma, sashen da zai faɗi gaskiya a kan ma'aikatan bogi ko giratutin da aka riƙe wa tsofaffi ba zai riƙa samun gayyata gidan gwamnati ba. Haɗarin yana ta ɗaya gefen kuma, sashen ya zama reshen ƙungiyar malamai, ya daina ganin laifin ma'aikacin da ke zuwa ofis ranar albashi kaɗai.

Yanzu raunin da na yi maka alkawari. Tsofaffin sassan fannin nan a kudu suke. Jami'ar Legas ta daɗe da nata, Ibadan na ba da digiri na biyu. A wajenmu an fi cin karo da shi a matsayin darasi ɗaya ko biyu cikin nazarin zamantakewa, ko gudanar da mulki, ko shari'a. Abin da ake koyarwa kuma, sau da yawa, a jikin ma'aikacin masana'antar Turai aka ɗinka shi, mai katin shaida, mai albashin wata, mai ƙungiya. Hukumar ƙididdiga kuwa ta ce fiye da kashi 90 na masu aiki a Nijeriya ba a irin wannan tsari suke ba. Ɗalibi na iya fita da sakamako mai kyau bai san yadda ake yanka jinga ba, bai san yadda 'yan kamasho ke raba kuɗin lodi a tasha ba, bai san abin da yaron shago ke sa rai ranar da ubangidansa zai sallame shi ba. In haka sashen zai kasance, ni ma ina bayanka, a kai kuɗin ɗakin gwaje-gwaje.

Amma akwai hanya. Sabon tsarin manhaja da hukumar jami'o'i ta fito da shi a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita. Muna da jami'o'in tarayya a Birnin Kebbi da Gusau tun 2013, ga ta jiha a Aliero da Talatar Mafara, ga ta aikin gona a Zuru. Kashi 30 ya isa a sa ramin zinari da fadama da tasha a cikin aji. Ba ma daga sifili za a fara ba. Duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce ta babin ijara, ya san a fiƙihun Malikiyya sai an san lada an san aikin kafin ciniki ya inganta, ya kuma san hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Tsarin mulki, tun gyaran 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ya ba hurumin shari'ar ƙwadago, amma ɗan dakon da aka danne wa kuɗi ba can yake zuwa ba. Wurin sarkin kasuwa yake zuwa, ko mai unguwa, ko Hisba. Mai digirin da zai yi amfani a ƙasar nan shi ne wanda zai iya tsayawa gaban alƙalin waccan kotu da safe, ya zauna a tabarmar sarkin kasuwa da yamma, ko'ina a gane abin da yake faɗa.

Batun aiki kuwa, ba zan yi maka romon baka ba, babu digirin da ke zuwa da takardar kama aiki a yau. Ga dai inda irinsu ke shiga: sashen kula da ma'aikata a ma'aikatu da hukumomin ƙananan hukumomi da kamfanoni, ma'aikatar ƙwadago ta tarayya a matsayin jami'an ƙwadago, NSITF, hukumar fansho ta PenCom da kamfanonin da ke riƙe kuɗin fansho, ƙungiyoyin ƙwadago masu ɗaukar sakatarori da masu bincike, da ƙungiyoyin agaji. In ya haɗa da takardar ƙwarewa ta CIPM, cibiyar masu aikin kula da ma'aikata, kasuwarsa za ta fi faɗi. Fansho kaɗai fage ne babba. Dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8, mai ɗaukar aiki kashi 10, jihohi kuma kowace da tata dokar, kai da ritaya ke ƙaratowa za ka so a ce akwai mai fahimtar wannan a gidanka. Kuma kada ka raina inda hanyar ke kaiwa. Gwamnanku Nasir Idris daga shugabancin ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, ya fito, tsohon gwamnan Edo Adams Oshiomhole kuma daga ƙungiyar ma'aikatan masaƙa a Kaduna, bayan ya yi karatun ƙwadago a kwalejin Ruskin da ke Ingila. Ba ina cewa yaron zai zama gwamna ba ne.

Abin da zan ba ka shawara, kada ka hana shi kuma kada ka yi saurin yarda. Ka tambaye shi me ya ja shi. In hoton shugaban ƙungiya a talabijin ne, zai gaji tun aji biyu, ranar da aka ajiye masa ƙididdiga. Hutun nan ka ba shi littafin rubutu ka tura shi kasuwar Jega ranar da take ci, ya nemi izinin shugaban 'yan dako, ya rubuta nawa ake ɗaukar buhu, wa ke yanke farashin, nawa ake cirewa na ƙungiya, me ake yi wa wanda bayansa ya riƙe ya kwanta mako biyu. Ya koma sau uku ko huɗu, domin ranar farko ba za su gaya masa gaskiya ba. Ku duba abin da ya rubuto tare. Kafin a cike fom kuma ku buɗe kundin JAMB ku ga jami'o'in da ke ba da kwas ɗin da sunan da kowace ta sa masa, domin sunan yana bambanta, ku tabbatar hukumar jami'o'i ta amince da shi a wurin. Ka kuma dubi sakamakonsa na lissafi da tattalin arziki, galibi sai da kiredit a cikinsu ake ɗauka, in da gyara gara ya sake zama jarrabawar tun bana.